Karatu a Bas ɗin Lugbe

A shekarun da ake faɗaɗa titin filin jirgi, a Lugbe muke zaune, ni da maigidana da yaranmu biyu. Ina aiki a wata ma'aikatar tarayya da ke sakatariya, shi kuma ofishinsu yana Garki. Mota ɗaya gare mu, kuma shi ke sauke yara a makaranta, don haka ni bas ɗin ma'aikata nake bi. Ina idar da sallar asuba zan ɗora ruwan shayi, in haɗa wa yara abincinsu, in fito bakin titi gari bai gama wayewa ba.

Lokacin Abuja sai bunƙasa take yi. Duk inda ka waiwaya gini ne ke tashi, manyan motocin yashi da tsakuwa suna kaiwa suna komowa, an tsaga titi an tara jar ƙasa gefe da gefe. Kowa ya ce in aka gama za mu huta. Kafin a gama ɗin kuwa mun sha goslo. Tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai ta cinye mana safiya, da yamma kuma a maimaita. Yawancin mutanen bas ɗin barci suke yi, ni ma haka. Da ina sakandare babu wadda ta fi ni zama a laburare, amma tun da na yi aure, ga aiki ga goyo, rabona da in karanta wani abu da ba fayil ba har na manta.

Kowa da kujerarsa a bas ɗin nan, ko da yake ba wanda ya raba. Tawa tana wajen tsakiya, jikin taga. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Filato, Kirista, sakatariyar wani darakta a hawan da ke saman namu. Kowa Mama yake ce mata. Gajera ce mai jiki, kullum da tabarau mai igiya da ƙatuwar jaka baƙa. Hausarta irin ta can ce, mai daɗin ji, ba ruwanta da bambance mace da namiji in magana ta yi zafi. Ni kuma Hajiya ƙarama take kirana, alhali ko filin jirgin ban taɓa shiga ba a lokacin. Mun fi shekara muna zama tare, amma zancenmu bai wuce gaisuwa da kukan tsadar tumatir ba.

Wata safiya da damina, muna tsaye cak an tare hanya wata katafila na juyawa, sai na ji ta taɓa ni.

"Hajiya ƙarama, ke da kin yi makaranta na zamani, duba mini wannan abu."

Ta zaro wani abu daga jaka a naɗe cikin hankici. Faɗinsa bai wuce na ƙaramin littafi ba, siriri, launin toka, ba nauyi. Ta ce ɗanta da ke aikin jinya a Turai ne ya aiko mata ta hannun wani ɗan cocinsu, ya kusa wata a jakarta, tana tsoron taɓawa kada ta lalata.

"Ya ce littafi ne. Na ce masa littafi da caja? Ya ce Mama, littattafai ne da yawa a ciki. Ni dai ban ga ko ɗaya ba."

Na jujjuya shi har na gano wani ɗan madanni a ƙasa. Ina dannawa sai fuskarsa ta yi ƙifta, rubutu ya bayyana. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ya haske irin na waya. Rubutun ya kwanta ne baƙi a kan fari-fari, kai ka ce takarda ce aka manna. Ɗan nata ya zuba mata littattafan ibada, da na kiwon lafiya, da na labarai masu yawa, duk da Turanci. A gefe akwai inda ake dannawa shafi ya juya. Ina cikin lalube na faɗa wurin da ake ƙara girman rubutu, na danna, haruffan suka kumbura.

Mama ta kama hannuna. "Tsaya. Me kika yi?"

Na sake yi mata. Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta, ta kawo na'urar kusa, ta karanta layi guda a fili, sannan ta yi dariya har na gabanmu ya farka.

Wanda ya farka ɗin wani Alhaji ne na sashen kuɗi, mai son jarida. Kullum sai ya saya ta taga, ya karanta wa duk bas kanun labarai ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ya juyo ya karɓi na'urar ya duba gaba da baya, ya miƙo.

"Littafin da sai an yi masa caji ai ba littafi ba ne. Ranar da aka ɗauke wuta fa, ilimin ya tafi ke nan?"

"Oga," in ji Mama, "jarida naka fa? Kafin yamma an naɗe ƙosai da shi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Daga baya muka gano ma abin ba ya cin wuta. In ta yi masa caji sau ɗaya sai mu manta da zancen caja har tsawon makonni.

Tun daga ranar Mama ta daina barcin safe. Da ta zauna za ta buɗe karatunta na ibada, leɓenta na motsi, ni kuma in ja carbina in kalli taga. Sai dai in bas na gudu jiri take ji, sai ta kife na'urar a cinya ta jira mu sake tsayawa. Ita kaɗai ce na sani a Abuja da ke murna in ta hango goslo. Da yamma kuwa idonta ya gaji da aikin ofis, sai ta miƙo mini. "Ga shi, ki ɗan gani, kada ya zauna banza."

Haka na koma karatu ba tare da na yi niyya ba. Na zaɓi wani dogon labari na wata mata da mahaifinta ya rasu ya bar mata gona a bakin kogi, ga 'yan'uwa maza da kowa ke ganin shi ya fi cancanta. Ranar farko shafi kaɗan na yi hankalina ya tafi kan abin da zan dafa. Kafin mako ya zagayo sai da direba ya yi mini magana sannan na san mun iso Lugbe. Ina shiga gida da mutanen labarin a kaina, ina yanka albasa ina jin haushin babban wan matar nan kamar na san shi.

Da Mama ta ga yadda nake miƙo mata na'urar da ƙyar, sai ta ce ita ma bari ta ga abin da ke ciki. Ta fara labarin daga farko, in ta gama ibadarta da safe. A nan muka samu matsala. Na'urar wuri ɗaya take riƙewa a kowane littafi, inda mai karatu na ƙarshe ya tsaya. Ni ina gaba, ita tana baya. Duk yamma sai na yi ta dannawa ina neman wurina, duk safiya ita ma haka. Wata rana ta buɗe, ta karanta layi biyu kafin ta ankara, sai ta dafe ƙirji.

"Hajiya ƙarama! Wa ya kashe mini mijin yarinyan nan? Jiya da rai na bar shi!"

Na ba ta haƙuri ina dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce na ɓata mata safiya, kuma daga yau ba mai wuce wani. Na jira ta kwanaki har ta cim mini, ina karanta wani littafi na girke-girke da ba ya gabana. Da ta iso sai ta yanke hukunci: labarin na yamma ne kawai, ni zan riƙa karantawa a fili, ita ta saurara, tunda ni jiri ba ya damuna.

Da fari a hankali nake yi, kanmu a haɗe, don kada in dami mutane. Ina karantawa da Turanci, muna sharhi da Hausa. Mama ba ta iya sauraro shiru ba. In wani ya yi rashin kirki a labarin sai ta ce, "Ka ji mugu." In matar ta yi kuka ta ce, "Yi haƙuri, 'yata, Allah yana nan." Sannu a hankali na lura na bayanmu sun daina hira in na fara. Wata yamma na tsaya don in sha ruwa, sai na ji muryar Alhaji daga gaba, ko juyowa bai yi ba: "To, sai aka yi yaya da takardun gonar?"

A tsakanin nan ne ni ma kwaɗayi ya kama ni. Gab da babbar sallah wani kanti a Wuse ya yi rangwame a kan irin manyan wayoyin nan masu faɗin faranti da ake kira tab. Duk ofis zancen ke nan, wannan ya ce ya fi kwamfuta, wancan ya ce na jabu ne aka shigo da su. Wata abokiyar aikina ta ce me zan yi da irin ta Mama, abu ba launi, ba hoto, ba ya komai sai karatu. Na bi ta muka je na sayo. Kyakkyawa ce kam, ga launi ga sauti. Amma a bas in rana ta bugo ta taga fuskata kawai nake gani a ciki. Kafin a tashi aiki cajin ya ƙare. In kuma na samu na fara karatu, saƙo zai shigo, in leƙa, daga nan in tsinci kaina ina kallon hotunan bikin wata da ban sani ba. Ba a yi nisa ba yara suka gano akwai wasanni a ciki, ta zama tasu. Na koma wa ta Mama. Da na ba ta labari ta ce, "Nawa abu ɗaya ya iya, shi ya sa ba ya raba hankali."

Ni ce na fara lura da idonta. Kullum in ta miƙo mini na'urar da yamma sai in tarar rubutun ya fi na jiya girma. Ina rage shi in yi karatu, washegari in tarar ta mayar har ta ƙara. Aka kai lokacin da kalmomi kaɗan ne ke cika shafi, tana ta dannawa ba hutawa. Na ce, "Mama, anya ba za ki je a duba idon nan ba?"

Ta ce tsufa ne kawai. Na ce tsufa ba ya sauri haka. Sai ta ce a ofis ma sai ta kai takarda jikin taga take gani, kuma ba ta son darakta ya sani, saura mata kaɗan ta yi ritaya, gara ta lallaɓa. Na yi ta yi mata naci har ta gaji ta je. Aka ce yanar ido ce ta rufe idanun, ɗaya ya fi ɗaya, kuma aiki ne mai sauƙi. Ranar da za ta fara hutu ta sa na'urar a jakata da hannunta.

"Ki riƙe. Akwai wasu littafi da yawa, ki karanta wanda kike so. Amma namu, kada ki wuce ni."

Saura mana babi kaɗan a lokacin, kuma an tsaya a wuri mai zafi, an kai maganar gonar gaban alƙali. Alhaji ya yi ta zuga ni. Ya ce in karanta musu, in ta dawo a sake, wa zai gaya mata? Na ce a'a. Kujerarta wani saurayi ya riƙa zama a kai, da abin sauraro toshe a kunnensa.

Da aka yi aikin da 'yan kwanaki na kira ta, ta ce lafiya lau, sai dai likita ya hana ta karatu da kallon talabijin da sunkuyawa, zaman ya ishe ta. Ranar Asabar na roƙi maigidana ya kai ni kasuwar kifi ta Kado da safe, na zaɓi tarwaɗa masu rai aka gyara mini, na dawo na yi farfesu. Bayan azahar na ɗauki kular farfesun da na'urar, na hau babur zuwa inda ta kwatanta mini.

Ashe duk zaman da muke yi ban san inda take kwana ba. Can ciki ne, bayan inda kwalta ta ƙare, gida ne na haya mai ɗakuna a jere da bishiyar gwaba a tsakar gida. Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta cikin inuwa, da baƙin tabarau irin wanda asibiti ke bayarwa. Ta gane ni tun daga sallama.

"Hajiya ƙarama! Ke ce da kanki? Shigo, shigo, kada ki cire takalmi."

Na cire duk da haka. Ɗakin tsaf, an lulluɓe kujeru da farin saƙa na hannu. A bango ga hoton ɗanta da kayan aiki, ga na wani mutum da kakin 'yan sanda. Ta ce mijinta ne, ya rasu tun ɗan yana firamare, ita kaɗai ta yi ta fama. Ban taɓa sani ba. Ta ci farfesun tana santi, ta ce barkonon ya yi mata kaɗan amma ta yafe. Ita kuma ta sa wata maƙwabciyarta ta zubo mini gwaten acca da aka dafa mata, mai yakuwa da gauta. Ranar na fara cinsa.

Muka fito da kujeru ƙarƙashin gwaba. Ta jingina, ta harɗe hannu a ciki, ta ce, "To, muna kotu."

Na yi ta karatu. Ba ƙarar inji, ba hon, sai kaji da rediyon wani ɗaki can ƙasa-ƙasa. Na saba ɗaga murya a bas, sai da ta ce in sassauta, ba kurma ba ce. Da aka kira la'asar a masallacin unguwa, kafin in yi magana ta ce in dakata. Ta laluba ta ɗauko sabon zane daga akwati, ta ce in shimfiɗa, ta nuna mini kusurwar ɗakin. "Nan ne gabas. Maƙwabtana duk nan suke kallo." Ta sa aka kawo mini ruwa a buta. Da na idar na tarar ta riƙe na'urar a cinya da hannu biyu, tana jira.

Muka gama labarin rana ta yi sanyi. Matar ta ci shari'a, amma daga baya ta yanki rabin gonar ta ba wa babban wanta da ya fi kowa cutarta, saboda 'ya'yansa. Na kashe na'urar. Na ce ni dai ban ji daɗi ba, bayan duk wahalar da ta sha.

"Ke yarinya ne," in ji Mama. "Ba don shi ta ba shi ba. Tana so ta yi barci ne."

Na ce ai da hakkinta ma za ta yi barci. Ta ce in bari in kai shekarunta. Muka yi ta ja, ba wadda ta sauka, har maigidana ya kira ya ce yara sun fara tambaya. Ta rako ni bakin ƙofar gida tana dafe da kafaɗata, ta tsaya har na samu babur.

Ranar Litinin sai da na ba wa Alhaji ƙarshen labarin a taƙaice. Ya ce shi ma da shi ne ba zai ba da ko taki ɗaya ba, ya buɗe jaridarsa.

Mama ta dawo aiki da ido garau, ta ce ashe bangon ofishinsu ruwan ƙwai ne, ita duk zatonta fari ne da ya yi datti. Muka fara wani littafin, amma ba mu yi nisa ba aka buɗe sabon titi. Tafiya ta koma ta ɗan lokaci kaɗan, kafin in gama shafi biyu mun iso. Kowa na murna, mu ma mun yi, don yanzu ina isa gida da sauran rana. Ba a jima ba kuma takardar ritayarta ta fito. Aka yi mata ɗan biki a ofis da lemo da cincin, darakta ya yi jawabi, ta yi kuka kaɗan. Ta ce ba za ta zauna biyan haya a Abuja ba, gida za ta koma, akwai ɗakin da ta gina a ƙauyensu da 'yar gona a bayansa. Na je na taya ta ɗaure kaya ranar da motar ta zo. Na'urar a jakar hannunta ta sa, tare da magungunanta.

Kafin shekara ta ƙare wani abokin aikin maigidana ya je kwas waje, na ba da saƙo ya sayo mini irin tata. Yanzu lokacin karatuna bayan la'asar ne ranakun hutu, da kuma duk inda aka ajiye ni jira, asibiti ko wajen kitso. 'Yata ta fari ta taso ita ma tana ɗauka, har mukan yi faɗa a kai.

Muna waya da Mama jefi-jefi, in ta hau tudun da ake samun sabis a garinsu. Kiran da ta yi mini bayan girbin acca na farko, ta ce tana da wata yaya da ba ta yi makaranta ba, ƙafa ta hana ta zuwa gona, kullum tana zaune ita kaɗai. Sai ta fara zuwa wurinta da hantsi tana karanta mata labari, tana juya shi zuwa yarensu layi bayan layi. Yanzu matan gidan da na maƙwabta su ma suna jawo kujeru, suna tsince hatsi suna ji.

"Amma suna da surutu, Hajiya ƙarama," ta ce. "Ba su bari mutum ya kai ƙarshen layi."

Na tambaye ta lafiyar idon, ta ce lafiya lau. Ta ce in gaishe da maigida da yara, kuma za ta ba direban motar kasuwa acca ya kawo mini, in je tasha in karɓa ranar Laraba.